Mai Ƙwanƙwasa Faifan Birki

Ina da sirrin da zai girgiza Ƙanƙara, amma tsaya ku fara ganin mai shi.

Ga shi a shagon kayan mota, dogo kamar giginya, zufa ta jiƙa hularshi. Faifan birki biyu ne a gabanshi, na kamfani da ɗan Caina mai araha. Yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da makulli yana kara kunne, kamar tsohuwa na zaɓen tukunyar ƙasa.

Na matsa kusa, na kasa kunne. Ya raɗa wa mai shago: "Jiya wajen Mairuwa birki ya ƙi ci, ɗiyata na kujerar baya. Uwarta ba ta sani ba."

Sai ya juyo, makullin ya nuna hancina.

"Malam, in maganar nan ta riga ni gida, kai zan ƙwanƙwasa."