Ba Duk Maciji Ne Kububuwa Ba

Bayan rasuwar mahaifiyata aka kai ni riƙo Badafi, wurin kakata Iya Gambo. Mu biyu ne a gidan, sai akuya da rumbun dawa. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka Uwata take kirana. Idan muka idar da sallar isha'i sai ta tura kara a murhu ta miƙe ƙafafu, ni kuma in raɓu a jikinta. Ina jiyo gaɗar 'yan mata daga dandali, amma ban saba da kowa ba tukuna.

Ko buɗe tatsuniya Iya ba ta yi irin na mutane. "Ga ta nan gare ki ke kaɗai, tunda babu wasu," in ji ta. Ni kuma in amsa da ƙarfi, har da rabon waɗanda babu.

Wani dare lokacin kaka, Iya ta ba ni labarin wata tsohuwa da ba ta da kowa, sai wata igiyar ƙasa da ke zaune a gindin rumbunta. Na katse ta na ce, "Iya, maciji kike nufi?"

Ta ɗan buge mini baki. "Ke! Ba a kiran sunansa da dare. So kike ya zaci sallama aka yi masa?"

Ta ci gaba. Wannan abin ƙasa dogo ne, ba ya sara, ɓeraye kawai yake ci. Kullum da safe tsohuwar takan zuba masa ruwa a wani fasasshen kasko, ta zauna tana ba shi labarin ciwon gwiwarta. Rannan sai kububuwa ta sari wani manomi yana ɗaga damin dawa, bai kwana ba. Ita ma kububuwar Iya ba ta kama sunanta ba, gobe-da-nisa ta ce. Mazan gari suka ɗebo sanduna, suka rantse ba za su bar mai jan ciki ko ɗaya ba. Da suka iso gidan tsohuwa ta tare ƙofa ta ce, "Wadda ta yi muku ɓarna gajeriya ce, launin ƙasa gare ta, in ta fusata tana goga jikinta, ka ji ƙara kamar ana suya. Ku dubi nawa mana." Suka ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su, suka ture ta suka kashe shi. Kububuwar kuwa tana can ƙarƙashin dutse, babu wanda ya gan ta. Kafin bazara ɓeraye sun gama da rumbun.

Na ce, "To ai duk ɗaya ne, Iya."

"Uwata, da girmanki? Igiyar ƙasa sunan gari ne gaba ɗaya. Cikinsa akwai masu haɗiye akuya, akwai masu dafi, akwai masu tofi, akwai talakawa masu cin ɓera. Gobe-da-nisa gida guda ce a garin. Duk inda kika gan ta 'yar garin ce, amma ba kowa ne ɗan gidansu ba."

Na ce Allah sarki, tsohuwa ta rasa dawarta. Iya ta ce, "Ba dawar ce ta dame ta ba. Da gari ya waye ta ɗebo ruwa za ta zuba a kaskon, sai ta tuna." Daga nan ta rufe wutar da toka, ta ce tatsuniya ta ƙare, a yi addu'a a kwanta.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah Ya haskaka kabarinta. Yanzu ina aure a Tudun Wada. Maigidan yana noman rani a Tiga, sai ranar Juma'a nake ganinsa, yaran kuma kowa ya kama gabansa. Wadda ta riƙa ɗebe mini kewa wata Bafulatana ce mai tallan nono, Adda Hansai. Idan rana ta take sai ta shigo ta sauke ƙwarya, mu yi azahar tare, ta yi ta tsokanata wai furata kamar tuwon jiya. Buta biyu nake cikawa saboda ita.

Sai aka kore wa wasu manoma shanun huɗa ta wajen daji, aka ce Fulani ne. A wani gidan suna matan unguwarmu suka yanke shawarar kada a ƙara barin mai nono ta shiga gidan kowa. Maƙwabciyata Maman Sadiya ta bi ni har tsakar gida. "Maman Habibu, ke ce kika rage. Su suke gano wa ɓarayin sirrin gari."

Na ce, "Adda Hansai kika gani da shanun?"

"Oho dai, duk su ne."

Na ce ni dai ban san su duka ba, ita na sani, kuma ƙofata a buɗe take. Tun daga ranar aka daina aiko mini da goron biki, gaisuwar kan katanga ma ta ɗauke. Na daure, na ce ai ina da Adda.

Ashe maganar ta kai rugarsu. Wata Laraba ta zo, ta ƙi wuce zaure. Ta ce, "Dada Habibu, mazanmu sun ce tashi za mu yi, zama ya ƙi. Na ji abin da kika jawo wa kanki saboda ni. Ki yafe mini." Na ce ta shigo ko ruwa ta sha. Ta girgiza kai, ta miƙo mini ƙaramin ludayinta, ta juya da sauri.

Da ina yarinya na ɗauka Iya sunayen macizai take koya mini don kada in taka wanda bai kamata ba. Sai yanzu na gane cewa babban suna ba ya da wuyar faɗa, kuma shi ne ke sa a ɗauki sanda. Ƙaramin suna kuwa sai wanda ya zauna ya duba da kyau. Ban yi nadamar dubawar da na yi ba, ko da yake ba ta hana komai ba. Jiya ma da aka kira azahar na tashi na cika buta biyu, na shimfiɗa tabarma, sannan na tuna.