Kumatun Yaya Yusnimar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Satumba, bayan la'asar, Yaya Yusnimar ta rasu a gidanta da ke Payakumbuh. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu.

Yaya, babu bikin da aka yi a unguwarmu ba ki tsaya kan tukunyar nama da madarar kwakwa ba, kina juyawa har hayaƙi ya rine idonki. Da mijina ya rasu, wata guda ban hura wuta ba, ta saman katanga kike miƙo mini shinkafa. Ke kika ara mini littafin farko da na karanta don daɗi, kika ce in na ɓata shi da miya zumunci ya ƙare.

Sai ciwo ya zo, irin wanda garkuwar jiki take juyowa ta ci mai ita. Da farko matan majalisin karatunmu na masallaci sun yi ta zuwa da lemo da ayaba, domin kin rame, kuma ramewa kaɗai suka sani a matsayin ciwo. Daga baya likita ya ɗora ki kan maganin da ke kumbura fuska. Hajiya Rosmaini, shugabar majalisin, ta gan ki a bakin ƙofa ta tafa hannu.

"Masha Allah, Yusni, ji kumatu! Ashe hutu kike sha, mu muna ta addu'a?"

Kika yi dariya kika ce, "Ai ni kaɗai ce ciwo ya ƙara wa kyau, Hajiya."

Da ta tafi, kofin shayi ma ya gagare ki ɗauka.

Daga ranar matan suka ɗauke ƙafa. Likita ya hana ki shiga rana, kika riƙa fita da lema, suka ce fari kike nema. Kika daina zuwa biki, suka ce girman kai. Ciwon gaɓoɓi kin iya da shi. Wanda ya karya ki shi ne tambayar da kika yi mini wata safiya: "Delfita, ko dai da gaske raki nake yi?" Sun sa har ke kin daina yarda da jikinki.

Su ɗin ne suka zo wankan gawa. Da aka yaye zane, Hajiya Rosmaini ta ga hannuwanki kamar tsinke, ta ce, "Wayyo, ashe haka take?" Na ce, "Haka take, Hajiya. Ƙofarta ba ta taɓa zama a kulle ba."

Ina yi wa mijinta Syafril da 'yarsu Nelvi ta'aziyya, Allah Ya ba ku dangana. Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa jinyarki ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Kin koma ga Wanda ba sai kin rame zai yarda da ke ba.