Gugan farko na Mama ne

Makarantar da nake koyarwa a Unguwar Mu'azu ba ta da rijiya. Ruwan alwalar Azahar a gidan maƙwabciyarmu muke ɗiba, wata dattijuwa Kirista 'yar Kudancin Kaduna, wadda kowa ke kira Mama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Legas, ga ciwon gwiwa.

Ɗalibaina kuwa, Allah ya shirye su. In suka shiga gidan da butoci, sai tsakar gida ta koma caɓi. Wata rana Mama ta zame, saura ƙiris ta karye. Ta tare ni a ƙofa da sabon kwaɗo a hannu.

"Malama, I don tire. Gobe zan kulle rijiyan nan."

Kunya ta kama ni. Idan ta kulle, sallar jam'in da na sha wahala kafin ta zauna wa yaran ta watse ke nan. Na roƙe ta ta ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen zango. Ta rataye kwaɗon a ƙusa kusa da rijiyar, inda kowa zai gani.

Washegari na kafa doka. Gugan farko na Mama ne, a juye mata a randa da bismilla, sannan a cika buta, a fita waje a yi alwala. Wani uba har ofis ya zo yana tambaya ko karatu ya kawo ɗansa ko sana'ar ga-ruwa. Na ce masa duka biyun, Alhaji. Ni dai ba a fi ni taurin kai ba.

Amma a raina ina shakka. Ina tsaye a kansu kullum, wa ya san ko idona suke tsoro?

Aka tafi dogon hutu. Ana gab da komawa na leƙa in gaishe da Mama. Na tarar da tsakar gida a bushe, randa cike har baki. Na tambaye ta wa ke ja mata ruwa.

"Yaranki mana. In an kira Azahar sai su zo, su cika mini kafin su wuce masallaci. Na ce musu ai ana holiday, suka ce salla ba ta hutu."

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, har sai da na goge ido da bakin hijabi. Na dubi ƙusar, babu komai. Kwaɗon yana can a ƙofar akurkin kajinta.