Ranar da Umma ta riƙe lasifika

Wata Lahadi ce, mako biyu bayan Ƙaramar Sallah, a shekarar da na cika tara da haihuwa, aka ɗora min jar hula a kan ɗankwali a bakin benen Tianxiu. Mai raba hulunan wata siririyar 'yar Sin ce, riƙe da 'yar tuta da lasifika, ita ce jagorar da za ta zaga da mu tsofaffin wuraren Guangzhou daga safe zuwa yamma. Ta buɗe takarda tana kiran suna, da ta zo kan namu sai ta yi turus, don Sa'adatu biyu ta gani a jere. Kakata ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Umma kuwa ta sunkuya tana gyara wa ƙanwata Hadiza takalmin da babu abin da ya same shi. Washegari jirgi zai tashi da ni da Kaka zuwa Kano, kuma kowa a motar da za ta zaga da mu ya san da haka, har da ni da ake zaton ban sani ba.

Ina goye aka kawo ni garin. Gidanmu ɗaki biyu ne a hawa na goma sha ɗaya, a wani lungu bayan titin Huanshi Lu. Babu tsakar gida, babu ko kaza, barandar shanya ita ce duk filinmu. Baba yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena, saboda haka ƙarar salatif ana naɗe kwali ita ce kiɗan da na tashi da shi. Umma kuma tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka saboda fataken da cikinsu ya ƙi abincin Sin, kukar da daddawar ma sai an roƙi mai zuwa ya cuso su a jaka. In na dawo daga makaranta, nawa shi ne wanke kuloli, tsince shinkafa, da raka Umma kasuwa in yi mata tafinta wurin masu kifi, waɗanda suke mutuwar dariya in suka ji baƙar yarinya tana zazzaga musu yarensu. Da na samu sarari sai mu baje a dogon lungun benen ni da 'yar maƙwabtanmu, na koya mata 'yar gala-gala a kan tayil, muna yin carafke da ƙwallayen wani jan ɗan itace da suke kira lici.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai tun ina ƙarama. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa min, kun ga kunya ta zama biyu ke nan. Baba yana ce min Hajiyata, Hadiza tana ce min Yaya, Umma kuwa "ke" ce kawai, in da baƙi kuma "yarinyar nan". Sunan Hadiza sai ta kira shi sau ashirin kafin azahar. A ƙofar makaranta ina kallon iyayen 'yan ajinmu suna ƙwala wa 'ya'yansu kira tun daga tsallaken titi, suna share musu gumi, ni kuwa tawa uwar sai dai ta ɗaga min gira ta juya, in bi bayanta. Da a Kano na tashi, da na ga kowace 'yar fari haka take, ba zan damu ba. Amma a can ni kaɗai ce. Na taɓa tambayarta ko ta manta sunana ne, ta ce, "Rashin kunya ake koya muku a makarantar?" Ranar ta ƙara min tsoka biyu a tuwo, ni kuwa da wautata na ɗauka miyar ce ta yi yawa.

Kaka ta zo a duba mata ido, ta yi wata guda, kuma da idon nan marar lafiya ta ga duk abin da take son gani. Ta tambaye ni ko akwai goro a gidan, na ce mata "meyo", wato babu. Ta kama ni ina cin tuwo da tsinken Sinawa, ta tafa hannu tana salati, ta ce, "Wannan in ba a tashi tsaye ba, sai an nemo mana tafinta kafin mu gaisa." Bayan kwana biyu ina bayan ƙofa na ji ta ce wa Baba da takwararta za ta koma. Baba ya ce, "To, Hajiya." Umma tana kicin, kuma na tabbata ta ji, amma muciyarta ba ta ko tsaya ba. Da Hadiza ce, da ta samu bakin cewa yarinyar ta yi ƙanƙanta. A kan 'yar fari kuwa uwa ba ta da ta cewa, ko da ranta zai fita. Ni ban san wannan ba a lokacin. Abin da na sani shi ne za a tafi da ni, kuma na ƙudura a raina ba zan bar garin nan ba sai Umma ta kira ni da sunana, ko da sau ɗaya ne.

'Yan kasuwarmu na unguwar Xiaobei ba sa yawon ganin gari sai kaya sun shiga kwantena, ana gobe tafiya. Mutum zai yi zuwa goma bai san komai ba sai hanyar shago da masallaci. Don haka da Baba ya ce ya biya mana kuɗin mota da jagora, ban buƙaci wani ƙarin bayani ba. Aka fara kai mu kabarin wani sarki na zamanin da, wanda aka binne cikin rigar ƙananan duwatsu da aka ɗinke da jan zare. Turancin jagorar bai taka kara ya karya ba, sai ta jawo ni gefenta, tana faɗa da yarensu ina juyawa da Hausata mai ɗingishi. Kaka ta leƙa ta ce, "Likkafanin dutse! To ya hana shi zama ƙasa?" Daga nan muka je wani titi mai cike da shaguna, inda aka shimfiɗa gilashi a tsakiya, in ka duba ƙasa sai ka ga tsofaffin hanyoyi an gina wata a kan wata. Ina ta ɗaga murya wajen fassara don Umma ta ji ta yaba. Ta daɗe tana kallon ƙasan gilashin, hannunta cikin na Hadiza, sannan ta ce a hankali, "Ashe hanya ma binne ta ake yi." Ba ta dube ni ba.

Bayan azahar muka tsallaka gada zuwa Shamian, wani ɗan tsibiri a bakin kogi inda Turawa suka yi zamani. Manyan gidaje ne masu ginshiƙai da dogayen tagogi, ga coci, ga amare suna ɗaukar hoto cikin fararen riguna. Jagorar ta ce Turawan Ingila da Faransawa ne suka raba wurin, na Faransawan ya fi ƙanƙanta. Ai kuwa Baba ya samu abin tsokanar abokinsa Alhaji Isuhu, mutumin Maradi, ya ce ko a nan ma ƙaramin kaso aka ba Turawansu. Alhaji ya ce ƙarami ne amma ya fi tsari. Kaka ta ce, "Ku ji su, ana gardamar wanda ya fi iya bulala." Kowa ya yi dariya, har Umma ta rufe baki da mayafi. Dariyar nan ta ƙona min rai, don na ga kamar ni kaɗai ce na san gobe Litinin.

Jagorar ta ba mu rabin awa, ta ce a haɗu a bakin gada. Akwai wata ƙatuwar bishiya kusa da wajen, mai jijiyoyi da suke saukowa daga rassa har su taɓa ƙasa. Na faki ido na kutsa tsakanin jijiyoyin da katanga, na cire jar hular na zauna a kanta. Daga nan ina hango kowa. Na ga jagorar ta ƙirga kawuna, ta sake ƙirgawa, ta ɗaga lasifika ta kira sunana da irin lafazinsu. Na yi lamo. Baba ya bi wannan lungu ya bi wancan yana "Hajiyata! Hajiyata!" Kaka tana "Takwara!" tana dafe da ƙirji, don kogi yana nan kusa. Sauro yana cizona a ƙafa, fitsari ya matse ni, amma na cije. Can sai jagorar ta yi abin da nake jira. Na ji ta tana cewa yaro ba ya ƙin muryar uwarsa, ta kama hannun Umma ta danƙa mata lasifikar.

Har yau ina ganin tsayuwar nan. Umma ta dubi Kaka, ta dubi Alhaji Isuhu da sauran maza, duk sun zuba mata ido. Ta ɗaga lasifikar ta kai bakinta. Abin a kunne yake, don haka abin da ya fara fitowa numfashinta ne, mai ƙarfi, ya cika wajen har amaren nan suka waiwayo. Ta ja shi sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Na ga laɓɓanta sun motsa. Sai ta ce, "Ke. Ki fito, don Allah." Tun da nake ban taɓa jin ta roƙe ni komai ba, amma kunnena bai ɗauki "don Allah" ɗin ba, "ke" ɗin kaɗai na ji. Na fito ina kakkaɓe zane. Ta miƙo hannu, ban sani ba ko dukana za ta yi ko riƙe ni, ni dai na wuce ta gefenta na je na kama hannun Kaka. A mota ban zauna kusa da ita ba. Washegari a filin jirgi ta cusa min dambun nama a jaka, na bi bayan Kaka ko waiwaye ban yi ba.

Kano ta karɓe ni hannu biyu, Kaka ta riƙe ni riƙon gaskiya, ba zan ci amanarta ba. Amma in Umma ta bugo waya sai in gaishe ta a taƙaice in miƙa wa wani. Ina cewa a raina in ta zo gida ma shirya. Ba ta zo ba. Ina shekara goma sha biyu ciwo ya kwantar da ita na 'yan kwanaki, aka binne ta a can. Wannan fushi na yarinta shi ne abin da na fi nadama a rayuwata, kuma babu wanda zan kai wa ƙarar kaina.

Bara na koma Guangzhou a karon farko, na je sarin labule. Hadiza tana can har yanzu, tafinta take yi wa 'yan kasuwa. Da kayana suka shiga kwantena na ce ta kai ni yawon nan, kamar yadda aka saba. Gilashin yana nan, gidajen Turawan an sake musu fenti, jagororin yanzu ma ba sa riƙe lasifika, wani ɗan abu ake maƙala wa kowa a kunne. Da muka zo gindin bishiyar sai Hadiza ta tsaya ta ce, "Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba." Wai bayan tafiyata, kusan duk Lahadi Umma takan ɗauke ta su hau bas su zo nan. Ta zauna a bencin da ke fuskantar bishiyar, ta duba gabas ta duba yamma, in ta tabbata babu mai jin Hausa a kusa, sai ta ce, "Sa'adatu, fito mu tafi gida." Hadiza ta ce, "Ni har zagawa nake yi bayan bishiyar in leƙa, na ɗauka kina nan."

Yanzu ina da ɗan fari, kuma ina kiran sunansa daga safe har dare, har surukata tana cewa matan zamani ba mu da kunya. Ba na musa mata. A da uwa takan haɗiye sunan ɗanta don tsananin kara, mu kuma muna faɗarsa ba tare da mun biya komai ba, kuma ban isa in ce mun fi su so ba. Ran da muka je gindin bishiyar nan da Hadiza, na zauna a bencin Umma har motar ta kusa tafiya ta bar mu, ina kallon wajen da na ɓuya. Kafin in tashi na ce "Na'am, Umma," da ƙarfi yadda kowa zai ji. Na amsa, amma na makara.