Takardun da Na Binne a Bayan Rumbu

Shekara da shekaru, in dai an buɗe layi a shirin rediyo na ranar Lahadi, sai an ji muryata. Ni tela ne a Damba, cikin Gusau. Bokona bai wuce firamare ba, na allo kuwa a izu biyu na tsaya, amma wannan bai hana ni zama lauyan tarihin Zamfara ba. Ƙorafina ɗaya ne kullum: masu digiri sun rubuta Kano, sun rubuta Katsina, sun rubuta Sakkwato har sun gaji, mu kuwa sun tsallake mu kamar kwata. Abokan majalisa suka laƙaba mini Farfesa, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a rediyon ba.

Da mahaifinmu ya rasu a ƙauyenmu, kusa da Bilbis, ni aka bar wa gyaran ɗakinsa don ni ne babba. A ƙarƙashin gado na tarar da tsohuwar gafakar kakanmu cike da takardu, sun yi ja, gefensu duk ya gutsure. Rubutun tawada ne da baƙaƙen Larabci. Ban zauna na karanta ba, don ko na zauna ba abin da zan fitar, ban kuma kai wa liman ba, don kada a ce Farfesa bai iya ba. A wurinmu takarda mai irin wannan rubutu ba a barinta ta wulaƙanta. In ta tsufa, ko a ƙona ta ko a binne ta a wuri mai tsarki. Na yi alwala, na naɗe su cikin sabon farin ƙyalle wanda na kalmashe bakinsa da kekena, na haƙa rami a bayan rumbu na rufe. Na koma Gusau ina jin na kwashi lada. Falle ɗaya na cire, wanda ya fi kyan rubutu, na sa a firam na rataye a shago don albarkar kasuwa.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Bungudu, ba Sallar da zan je gaishe ta ba ta tambaya ba.

"Takardun Baba na nan?"

"Suna nan, Gwaggo."

Wata Asabar da hantsi mota ta tsaya ƙofar shagona. Wata malamar jami'a ta fito, Dakta ce a fannin tarihi. Ta ce su 'yan kaɗan ne suka haɗu suna bin garuruwa suna neman abin da tsofaffi suka rubuta ko suka haddace, kuma wata tsohuwa a Bungudu ta ce mata takardun gidansu suna hannun ɗan wanta.

"Ai na san muryarka, Malam. Kai ne mai zaginmu duk Lahadi. To ga mu mun zo."

Tana rufe baki, idonta ya faɗa kan firam. Ta sauke shi, ta goge gilashin da gefen hijabinta.

"Addu'ar kasuwa ce," na ce.

Ta fara karantawa a fili, sai na ji Hausa tsantsa, irin ta kakanni. Ajami ne. Kakanmu yana ba da labarin yadda mutanenmu suka baro tsohon gari, inda suka yada zango, rijiyar da suka haƙa, da wani arɗon Fulani da ya ba su wurin noma su kuma suka bar masa karan gero. Maganar ta yanke a tsakiya, a ƙarshen fallen.

"Ina sauran?"

Na faɗa mata gaskiya, washegari muka kama hanyar Tsafe zuwa ƙauyenmu. Na haƙa da hannuna, tana tsaye da jakar leda da safar hannu. Gara ta riga mu. Ba takarda, ba ƙyalle, sai zaren kalmasata, zaren roba ne, ya fito zagaye guda bai tsinke ba. Ɗinkina kaɗai ya tsira.

Dakta ta ce ita ba za ta kai wa tsohuwa wannan labari ba, ni zan kai.

Mun tarar da Gwaggo tana tsince wake. Na durƙusa na faɗa, kaina a ƙasa.

"Mi kac ce?"

Na sake faɗa.

"Kai da ka cika muna kunne da an bizne tarihinmu, an bizne tarihinmu, ashe kai ne mai gina kabarin! Har da likkafani ka ɗinka mai?"

"Gwaggo, lada na nema."

"To ka samu. Gara ma ta gode."

 Daga baya ta ce a karanta mata fallen da ya rage. Da Dakta ta kai inda ya yanke, Gwaggo ta ɗora da ka, don mahaifinta yakan karanta wa baƙi bayan girbi, ita kuma tana jiyowa daga zaure. Ta kawo zango biyu da sunan wani rafi, Dakta na ɗauka a waya. Sai ta tsaya.

"Daga nan fa, Inna?"

"Daga nan kullum ake kirana in duba tukunya. Wanda ad da damar zama ya ji ƙarshe, namiji ne."

Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na daina kiran rediyo. Yanzu in hanya ta yi lafiya, nakan rufe shago in bi Dakta ƙauyuka. Ba ta tambayata komai game da tarihi. Aikina shi ne in tsaya gaban dattawa in faɗi abin da na yi, kafin ta roƙe su su fito da tasu gafakar. A wani ƙauye bayan Wanke, ina cikin magana wani tsoho ya tashi da sauri ya shige gida neman fartanya ya tono tasa.