Kular da na zuba a jujin Kawu

Na daɗe ina ɗaga waya ina ajiyewa kafin in rubuta wannan, don abin bai yi mini daɗin faɗa ba. Amma tun da na dawo hankalina bai kwanta ba, kuma wataƙila a cikinku akwai wanda ya san abin da ban sani ba.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanena, za mu Gafasa sunan jikan kawunmu. Lokacin bazara ne. Na ce tunda can ƙanƙara wuya take, bari in yi abin kirki: na sa aka yi zoɓo da kunun aya, na sayi ƙanƙara, na zuba a farar kular nan mara nauyi da ake kira ta soso, wadda in ka kankare ta da farce take zubar da ƙwayoyi kamar gero. Araha ce ta ja ni.

A tasha na roƙi kwandasta har sau uku kada ya ɗora mata kaya. Ya ce, "Malam, jariri ne a ciki?" Mota ta yi dariya. Har muka haye gadar Wudil ina waige. A Gaya muka sauka muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance amma kuɗinsa ya girma. Daga nan muka shiga ƙaramar motar Ajingi. Hagu da dama amalanken shanu ne ke kai taki gona, an jera shi tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Na gani da idona, amma ban yi tunanin komai ba.

A motar nan ce wani ya ɗora mata buhun masara. Da muka isa, gefenta ya tsage, murfin ya rabu biyu. Zoɓon ya tsira, aka sha aka yi ta sa albarka. Ni kuwa ba na son in bar wa mutane tarkace a tsakar gida. Sai na ɗauki kular na zagaya bayan gida, na kakkarya ta ƙanana don kada ta tare wuri, na tura ta cikin juji, har na sa ƙafa na tattake. Na dawo ina jin na yi tsafta.

Bayan la'asar matar Kawu ta leƙo zaure ta ce, "Wai wa ya zuba mana farin gero a taki? Kaji sun taru suna ta tsattsaga."

Nan na gane ɓarnar da na yi. A birni juji wurin da ake rabuwa da abu ne. A gidan Kawu kuwa, sharar gida da toka da kashin awaki na shekara guda ake tarawa, shi ne abincin gonar gyaɗarsa, kuma washegari amalanke zai zo ɗauka. Iska ta riga ta watsa ƙwayoyin ko'ina cikin tsibin.

Na ce, "Kawu, ni ne. A ƙona wurin mana."

Ya ce, "In ƙona takin shekara, ɗan nan? Kuma hayaƙin wa zai shaƙa, mai jego?"

Ya miƙe. Ya karɓo rariya a cikin gida ya tsuguna. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Muka tsuguna tare da ƙanena muna tankaɗe taki, baƙi na wucewa suna mana sannu, ni da sabuwar shaddata. Manyan mun tsince. Ƙananan kuwa suna manne wa hannu, ka hura su tashi su koma. Magariba ta yi ba mu gama ba.

Da safe kaza ɗaya ta yi laƙwas ba ta cin komai. Ban sani ba ko kular ce. Takin dai haka aka kai shi gona da sauran fari-fari a ciki.

A kasuwar Ajingi, a hanyar dawowa, na ga mai ƙanƙara ya binne tasa cikin ƙaiƙayi, ya rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a cikin kwali. Na taɓa, da sanyinta. Duk abin da ya rufe ta da shi, in ya lalace taki zai zama. Na tsaya ina kallo har ya tambaye ni ko lafiya.

Na iso gida lafiya. Abin da na koyo shi ne, kafin in kai wa mutum kaya, in tambayi kaina ina abin zai kwana bayan an gama da shi.

Yanzu ruwa ya sauka, Kawu ya shuka gyaɗarsa. Don Allah wanda ya sani ya gaya mini: sosan nan yana ruɓewa a ƙasa kuwa, ko yana nan har jikan da muka je wa suna ya fara noma? Yana cutar da shuka? Kuma ina ake karɓar irinsa in ya karye? Ina so in kira Kawu, amma ba na so in kira shi hannu rabbana.