Kunun Gyaɗa da Kwalbar da Ke Gefen Gadona

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a shafin nan ba, har wasu tsofaffin ɗalibaina sun fara tambayar iyalina ko lafiya. Ba lafiya ba ce, kuma ga bayani.

Abin ya fara da dishewar murya, sannan wuyan rigata ya daina ɓalluwa saboda kumburi. Da aka ɗebi tsoka aka auna, sai aka ce ciwon daji ne a ƙullin gaban wuya, inda maƙoƙo ke fita, kuma ya riga ya kai ga kaluluwar hagu. Fansho bai isa ba, muka sayar da filinmu na Jimeta.

Aka yi aiki, aka bar siririyar roba a wuyana tana zuba cikin kwalba. Da farko ruwan jaja-jaja ne. Da na fara cin abinci sai ya koma fari kamar madara.

Likita ya duba kwalbar. Ya ce akwai wata hanya a gindin wuya da ke kai maiƙon abinci cikin jini, ita ce ta huje lokacin aikin, kuma ba kasafai hakan ke faruwa ba. Abin da ya kamata ya gina jikina shi ne ke tsiyaya. Ya hana ni duk wani mai. Maiɗakina Hajiya Asma'u ta koma dafa mini farar shinkafa da ganye, ruwan ya fara raguwa.

Sai yayata Adda Mairo ta zo daga Wuro Hausa da kunun gyaɗa. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ban taɓa mayar mata da ƙwarya ba. Ta ce kunu ai ba mai ba ne, da shi ake tayar da majinyaci tun zamanin kakanni. Ni ma ban ga aibunsa ba. Na shanye.

Kafin la'asar kwalbar ta cika.

Likita ya ce, “Baba, gyaɗa ai mai ce. In bai tsaya ba za mu sake buɗe wuyan, kuma ban tabbata zuciyarka za ta ɗauki maganin barci karo na biyu ba.”

Washegari Adda ta dawo da wani kunun, har da man shanu. Hajiya ta sunkuyar da kai, domin hana Adda ba hurumin matar ƙane ba ne. Na ɗaga mayafi na nuna mata kwalbar.

“Adda, kununki na jiya ke nan.”

Ta dube ta, ta rufe kwanonta. “To, Buba, da hannuna zan kashe ka ke nan?”

Daga ranar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin. Duk mai dubiya da ya zo da kwano, sai ta buɗe ta sansana, in ta ji mai ta sallame shi da Fulatanci. Har limamin unguwarmu bai tsira ba.

Na rame ƙwarai, ƙafafuna suka kumbura, kowace safiya kwalbar nake fara dubawa kafin fuskar kowa. A hankali farin ya dushe, ya ƙafe, aka zare robar. Ba a sake yanka ni ba.

Yanzu ina gida, ina shan ƙwayar magani kullum, ana ci gaba da awon jinina, domin ciwon yana iya dawowa. Na gode wa Allah, da likitoci da nas-nas, da Hajiya, da Adda.

Wanda ya ga kumburi a wuya tare da dishewar murya, ya je asibiti da wuri. In likita ya hana abinci, a nemi ya ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Masu dubiya kuma, ku tambaya kafin ku ɗora tukunya.